Filin Amsa Tambayoyinku: Lab sun ce ba su ga komai ba, amma ciwo na nan

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun da suka taru mana wannan karon kusan duk a kan lab suke, da masu ƙorafin gwajin kashi da masu ƙorafin na jini, don haka na haɗa masu kama da juna na tsamo huɗu, sauran ku yi haƙuri ku duba, wataƙila amsarku na ciki.

TAMBAYA: Salam Dakta ya aiki. Ɗana ne ɗan shekara shida kullum ciwon ciki, wani lokaci zawo mai wari da kumfa cikin ya kumbura, ya yi kwana biyu ya tsaya kuma ya sake dawowa, ga shi da daddare baya iya barci sai sosa dubura yake ta yi. Naje asibiti akace in kawo kashinsa na kai, rizalt ya fito wai ba a ga ƙwai ba ba a ga tsutsa ba. To ni Dakta na rasa gane kan abin, in ba komai me yake damunsa, ko dai masu lab ɗin ne basu duba da kyau ba? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah ya ba shi lafiya. Kafin ki ɗora wa masu lab laifi bari in gaya miki abin da ake yi da kashin nan bayan kin miƙa. Duk yawan da kika kawo, ɗan abin da mai gwaji zai lakato da tsinke bai wuce kamar miligiram 2 ba, sai ya dama shi da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, gefe guda ya dama wani da ɗigon aidin, ya rufa siririn gilashi a kai ya tura ƙarƙashin madubin likita. Na ruwan gishirin shi ke nuna ƙwan tsutsa da duk abin da yake motsi da ransa, na aidin kuma yana rina 'yan ƙwayoyin da suka dunƙule cikin ɓawo har a ga abin da ke cikinsu. To kinga kenan abin da ya faɗo cikin wannan ɗan lakaton shi kaɗai ido zai gani, wanda bai faɗo ba ko mai gwajin ya kwana yana dubawa ba zai gan shi ba.

Wasu tsutsotsin ba sa ba da wahala ko kaɗan. Doguwar tsutsar cikin nan da ake kira askaris, macenta ɗaya tana zuba ƙwai wajen 200,000 a rana, wannan kam ko ɗalibin da ya fara koyon aiki jiya zai gani. Amma ko ita ɗin, daga ranar da yaro ya haɗiyi ƙwan sai an yi wata biyu zuwa uku kafin ta girma ta fara zuba nata, duk gwajin da aka yi a tsakanin nan fes zai fito, haka ma in aka yi dace duk waɗanda ke cikin maza ne.

Zawon da kika siffanta kuwa, mai wari da kumfa da kumburin ciki ya tafi ya dawo, ya fi min kama da jiyardiya, duk da dai ba daga wasiƙa ake yanke hukunci ba. Ita ba tsutsa ba ce, wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai ƙwaya ɗaya da ke manne a bangon ƙaramin hanji, tun 1681 wani mutumin Holan mai suna Antoni ban Liwenhuk ya fara ganinta, a cikin zawon kansa ma, da madubin da ya haɗa da hannunsa. Halinta shi ne ba kullum take fitowa a kashi ba, yau ta fito da yawa gobe ko ɗaya, shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a kai kashi sau uku, ana tsallake kwana ɗaya a tsakani, duka cikin kwana 10. Gwaji ɗaya tak da bai nuna komai ba ni a wajena bai rufe magana ba. In kin koma ki tambaye su ko suna yin na tacewa, wanda ake dama kashi mai ɗan yawa da fomalin da wani sinadari a sa a injin da ke wulwulawa, datti ya taso sama ƙwai da ƙwayoyin su kwanta a ƙasa a ɗebo su, wannan yana kama abin da na lakaton ya tsallake. Akwai ma gwajin jiyardiya na musamman da ba ya buƙatar madubi, in wajen na da shi.

Sai kuma naki ɓangaren, don rabin aikin a hannun mai kawowa yake. Yaro ya yi a busasshen abu mai tsabta, kada fitsari ya shiga, kada ruwa ya taɓa, kada kuma a kwaso daga ƙasa don ƙasa na da nata tsutsotsin da za su ruɗa mai dubawa. In akwai wajen da ke da majina ko jini nan za ki ɗiba. Kuma a yi sauri, zawo mai ruwa ana so ya shiga ƙarƙashin madubi cikin minti 30, don masu rai ɗin da ake ganewa ta motsinsu suna mutuwa su narke da wuri, kashi mai tauri ne ke iya jira zuwa anjima a ranar. Abin da ke ba ni takaici shi ne a kawo na jiya da daddare da aka ɗaure a leda, da rana tsaka, sannan a zo ana faɗa ba a ga komai ba. In yana shan wani magani, musamman antibayotik ko maganin tsayar da zawo ko na ƙwannafi ko wanda aka ba shi na tsutsa, ki faɗa kafin a yi, suna iya ɓoye abin na kwanaki.

Ƙaiƙayin dare kuma maganarsa daban ce, kuma nan ne nake ganin ba gwajin da ya dace aka yi ba tun farko. Akwai 'yan ƙananan fararen tsutsotsi sirara, tsawon macen bai wuce kamar santimita 1 ba, ita ba a cikin hanji take zuba ƙwanta ba, sai dare ya yi yaro ya yi barci take fitowa bakin dubura ta manna su a fata, wannan shi ke sa susa, kuma shi ya sa da wuya a ga ƙwan a kashi. Yadda ake kama ta, da asuba kafin yaro ya yi wanka ko ya zaga, a samu salatif mai garai-garai a manna a fatar wajen a ɗaga, a liƙa a kan gilashin da lab za su ba ki a kai musu, safiya uku a jere. Ke ma in ya yi awa biyu ko uku da barci ki haska tocilan ki duba, sau da yawa za ki gan su suna motsi. In ta tabbata duk gidan ake ba magani lokaci guda a maimaita bayan sati biyu, a yanke farce a wanke zannuwan gado, in ba haka ba zagayawa kawai za ta riƙa yi tsakanin yaran.

TAMBAYA: Dakta barka da ƙoƙari. Ni duk sanda naje gwajin maleriya sai ace MP fulos ɗaya ko fulos biyu, ban taɓa zuwa akace babu ba. Kwanan nan nasha magani na gama, bayan sati biyu jikina ba daɗi na koma akayi min na katin nan RDT ya nuna layi biyu, a ranar na je wani lab suka duba da madubi sukace ba su ga komai ba. Wanne zan yarda dashi, kuma me fulos ɗin nan yake nufi ne wai? Daga wani magidanci.

AMSA: Malam sannu da jiki. Yana iya yiwuwa duka biyun gaskiya suka faɗa maka, don ba abu ɗaya suke nema ba. Madubi ƙwayar cutar kanta yake nema a cikin jini. Shi kuwa katin, yawancinsu wani sinadari suke kamawa da ƙwayar maleriya irin falsifarum ke saki, ana ce masa HRP2, kuma wannan sinadarin yana iya zama a jini sati biyu, uku, har wata guda ko fiye bayan magani ya gama kashe ƙwayoyin. Don haka kati bayan sati biyu da shan magani ba shi ke nuna ko ka warke ba, wannan aikin madubi ne. Kati na da wata matsalar ta daban, an samu falsifarum da ba ta yin sinadarin gaba ɗaya a wurare irin su Feru da Eritiriya, mutum na fama da cutar kati ya ce babu. Ba kushe shi nake ba fa, inda babu wuta babu ƙwararren mai dubawa katin nan ya ceci rayuka da yawa, cikin minti 15 zuwa 20 an samu amsa.

Na madubin ga yadda yake. Ana huda yatsa a yi shafi iri biyu a kan gilashi, mai kauri da siriri. Mai kaurin ɗigon jini ne da ake ɗan baza shi ya bushe, in aka zuba rini jajayen ƙwayoyin jinin sai su fashe su bar ƙwayoyin cutar a fili, da yake jini mai yawa ne ya taru waje ɗaya shi ne ke amsa tambayar akwai ko babu. Siririn kuma ana jan sa da gefen wani gilashin ya baje, a kafe shi da sinadarin metanol don jajayen ƙwayoyin su tsaya yadda suke, da shi ake gane wace iri ce, don iri biyar ne ke kama mutum, falsifarum ita ce mai kisan, baibaks da obale kuma suna maƙalewa a hanta su dawo bayan watanni, maganinsu na da ƙari. Rinin da ake amfani da shi sunan wani Bajamushe yake ɗauke da shi, Gustab Gimsa, tun wajen 1904 ake aiki da shi har yau ba a bar shi ba. Ana ɗiga mai a kan gilashin a ƙara girman abin sau 1,000, abin da ido ke nema ɗan jan ɗigo ne da shuɗin da'ira siririya manne da shi kamar zobe mai dutse. Wanda ya fara ganin ƙwayar ma, likitan sojan Faransa Alfons Laberan, a 1880 a Aljeriya ya gan ta cikin ɗanyen jinin wani soja ba tare da rini ba, aka ba shi kyautar Nobel a 1907.

MP dai na nufin ƙwayar maleriya, fulos kuma tsohon ma'auni ne na kimanta yawanta. Duk zagayen da ido ke gani lokaci guda a madubi ana ce masa fili ɗaya. Fulos ɗaya shi ne an ga ƙwaya 1 zuwa 10 a fili 100, fulos biyu 11 zuwa 100 a fili 100, fulos uku 1 zuwa 10 a kowane fili guda, fulos huɗu fiye da 10 a kowane fili. Kirdado ne, mutum biyu za su duba gilashi ɗaya su ba da fulos daban, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a ƙirga ƙwayoyin a gefen fararen ƙwayoyin jini 200 a fitar da adadinsu a kowane mikirolita, wato ɗan mitsitsin ma'aunin jini da bai kai ɗigo ba, da wannan ne likita zai iya cewa jiya kaza ne yau sun ragu, magani na ci.

Yanzu maganar cewa ba ka taɓa zuwa an ce babu ba, gaskiya wannan ya fi damuna fiye da saɓanin kati da madubi. Kafin a ce babu sai an bi aƙalla fili 100 a shafi mai kauri, aiki ne na minti da dama ido a kafe, rubuta fulos ɗaya kuwa ba ya cin komai kuma ba mai dawowa ya yi faɗa. Bayan haka akwai abubuwan da ke yaudarar ido, guggubin rini da ya tsufa ko ba a tace ba, gilashin da aka wanke aka sake amfani da shi duk ya karce, ruwan haɗa rinin da bai daidaita ba, da kuma 'yan ƙwayoyin daskarar da jini, in ɗaya ta hau kan jar ƙwaya wanda bai goge ba zai rantse maleriya ce. Illar abin ba asarar kuɗin magani kaɗai ba ce, mutum na can da ciwon mafitsara ko taifot ko tarin fuka ko wani abin daban ana ta ɗirka masa maganin maleriya wata da watanni. Ko da an ga ƙwayar da gaske ma, babban da ya taso inda sauro ya yi yawa yana iya yawo da 'yan kaɗan a jininsa ba su ne ke sa shi zazzaɓin ba. Haka kuma bayan magani akan ga wasu masu siffar jinjirin wata, waɗannan su ne ke jiran sauro ya ɗauka, ba sa sa ciwo kuma ganinsu ba ya nufin magani bai yi ba.

Ɗaya gefen kuma, gwaji ɗaya da bai nuna ba shi ma ba a kwanciya a kansa in zazzaɓi ya yi tsanani. A aikin yau da kullum sai ƙwayoyin sun kai kamar 50 zuwa 100 a mikirolita ake iya kama su, ita falsifarum kuma in ta girma manne wa take a jikin ƙananan jijiyoyin ciki ta ɓace daga jinin yatsa, don haka ake maimaitawa bayan awa 12 zuwa 24 har sau uku. Shawarata ka koma wajen likita da takardun biyu ka gaya masa ranar da ka gama magani, in zazzaɓi ya dawo a sake na madubi a lab ɗin da suka iya cewa babu, a kuma nemi wani dalilin rashin jin daɗin naka. Kada ka sayi wani zagayen magani saboda layi biyun nan kawai.

TAMBAYA: Dakta mahaifinmu ne ƙafarsa ɗaya ta daɗe tana kumbura, likita yace yana zargin tundurmi, wai mu kawo shi ƙarfe goma na dare a ɗebi jini. Mu dai abin ya ɗaure mana kai, me ya hana a ɗiba da rana? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, kuma likitanku ya san aikinsa. Tsutsar da ke kawo tundurmi manyanta a hanyoyin ruwan jiki suke zaune, 'ya'yanta ne ke yawo a jini, su kuma da rana suna lafewa a ƙananan jijiyoyin huhu, sai dare lokacin da sauron da ke ɗaukar su ke cizo suke fitowa, don haka ake ɗibar jinin tsakanin ƙarfe 10 na dare da 2. Akwai 'yar'uwarta lowa lowa, wadda akan ga tana ratsa farin ido, ita ƙudan da ke yaɗa ta da rana yake cizo, nata jinin tsakanin 10 na safe da 2 na rana ake ɗiba.

Sai dai ki shirya jin an ce ba a gani ba. Kumburin yakan bayyana ne shekaru bayan kamuwa, lokacin tsutsar ta riga ta lalata hanyoyin, sau da yawa ma ta mutu, don haka masu kumburarriyar ƙafa da yawa jininsu ba ya nuna komai. Akwai gwajin kati da ake yi kowane lokaci, ku tambaya. Kuma ba duk kumburin ƙafa ne tundurmi ba, likita zai duba zuciya da ƙoda da jijiyoyi. Kafin nan a riƙa wanke ƙafar da sabulu kullum a tsane ta sosai har tsakanin yatsu, a ɗaga ta in yana zaune, duk ɗan rauni a kula da shi da wuri, wannan ke rage zazzaɓi da zafin da ke taso masa lokaci lokaci.

TAMBAYA: Salam Dakta, an min gwajin kashi ne na neman aiki akace an ga amiba, ni kuma lafiyata ƙalau ba zawo ba ciwon ciki, abokina yace in sayi Flagyl in sha kawai. Ya kake gani? Daga wani matashi.

AMSA: Ɗan'uwa kada ka bi ta abokin nan naka tukuna, fara duba cikakken sunan da aka rubuta. Amiba 'yar mitsitsiyar halitta ce mai ƙwaya ɗaya, iri-iri ce a hanjin mutum kuma yawancinsu zaman lafiya suke. Wadda ake ce wa Entamiba koli ba ta sa ciwo, ba a ba ta magani, ana gane ta da ɗigon cibiya har 8 a cikin ɓawonta, mai sa atini kuwa, histolitika, nata ba sa wuce 4. Rikicin shi ne histolitika na da tagwaniya mai suna disfar wadda ba ta cutarwa kuma ta fi ta yawa a jikin mutane, a madubi ba mai iya raba su komai ƙwarewarsa, sai a 1993 ma masana suka tabbatar iri biyu ne daban. Abin da ke sa a zargi mai cutar kai tsaye shi ne a gan ta da ranta a ɗanyen zawo mai jini ta haɗiyi jajayen ƙwayoyin jini, in ba haka ba sai gwaji na musamman irin su PCR.

In ta tabbata histolitika ce ana ba da magani ko ba ka jin komai, don tana iya taso wa daga baya har ta yi ƙurji a hanta, ga yaɗa ta ga mutanen gida. Amma Flagyl shi kaɗai ba ya share waɗanda suka dunƙule a cikin hanji yadda ya kamata, akwai wani maganin daban na wannan, likita ne zai rubuta. Ko wace iri ce dai ta baki ta shiga, daga ruwa ko abin ci ko hannun da kashi ya taɓa, don haka ka duba ruwan da kake sha da wanke hannu bayan zagayawa, sannan ka kai wa likita takardar ya karanta sunan da kansa.